Jirgin Kaka Nev a Bakin Titi

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina auren Neville, kuma aƙalla biyu daga cikinsu a duƙe na yi su a gaban a-kori-kurarsa, kaina ƙasa da gilashi, ina roƙon Allah kada wani wanda ya san ni ya gifta. Sau biyu a shekara ƙaramar hukuma takan ba kowace unguwa sati uku ta fito da tarkacenta ta jibge a ciyawar bakin titi kafin motar kwasa ta zo. Katifa, tsohuwar fanka, kujera mai ƙafa uku, abin gasa nama da ya yi tsatsa. Mutanen kirki su fitar su koma ciki su wanke hannu. Nev kuwa sai ya ɗaura ƙaramar tirelarsa, ya zuba shayi a fulas, ya bi unguwa-unguwa daga Rockingham har Baldivis kamar likita mai zagayen marasa lafiya.

Doka ɗaya ya sani a duniya, kuma shi ya kafa abarsa: duk abin da ya taɓa ciyawa ba shi da mai shi. Da wannan doka ya cika rumfar bayan gidanmu da injin yanke ciyawa guda bakwai, babu ko ɗaya mai tashi.

'Yarmu ɗaya, Bronwyn. Tana shekara tara ya kawo mata keke daga bakin titi, ya shafe shi da shuɗin fenti, ya sa masa sabuwar ƙararrawa. Ranar farko da ta hau shi zuwa makaranta, wata yarinya Narelle ta kifa keken a gaban kowa, ta nuna sunanta da aka kankara da ƙusa a ƙarƙashin sirdi. 'Yar Bola suka riƙa kiran Bron har ta gama firamare. Tun daga ranar ba ta ƙara karɓar ko cokali daga hannun ubanta ba. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, ni na ga sunan nan kafin kowa, ranar da nake goge keken da tsumma. Na gani, na ce a raina wa zai leƙa ƙarƙashin sirdi, na ja bakina na yi shiru. Nev ya ɗauki laifin shi kaɗai shekara talatin, ni kuma na bar masa, don ya fi ni faɗin kafaɗa.

Yanzu Bron ta auri Lachlan, suna zaune a wata sabuwar unguwa a Baldivis inda kowane gida fari ne da ruwan toka, kuma ba ka jin ƙanshin girkin kowa. Ɗansu Fergus shi ne jikanmu tilo. Duk abin da Nev ya taɓa ƙera masa, motar katako ce, doki mai lilo ne, Bron takan ce an gode, ta sa a bayan mota, shi ke nan an yi masa ganin ƙarshe. Nev bai taɓa yin magana ba. Amma na sha kama shi idan mun je gidan yana leƙa kwandon kayan wasan yaron, wai yana neman batir.

Da Fergus zai cika shekara biyar, ya ce shi bikin 'yan fashin teku yake so. Bron ta kira taro a teburin kicin ɗinta, da kwamfuta a buɗe, da ni, da Nev, da Lorraine uwar Lachlan, wadda ke sa turare ko da shara za ta fitar.

"Babu takobi," in ji Bron. "Uwar Oscar, ɗan ajinsu, ta ce yana koya wa yara faɗa."

"Ko na kwali?" Nev ya tambaya.

"Ko na kwali, Baba. Akwatin dukiyar da za su tono kuma, kowane yaro rabonsa daidai da na ɗan'uwansa. Na riga na ƙulla a leda goma sha huɗu, kowacce da suna. Babu gyaɗa, babu alewa mai launi, babu ture-ture."

"To su 'yan fashin me za su yi a tekun? Gaisuwa?"

Lorraine ta yi 'yar dariyar nan tata da ba ta buɗe haƙora. Ita aka ba kek, don ta san wata mata a Fremantle da ke yinsa da siffar aku. Ni aka ba ni burodi da man shanu da sosej, niƙaƙƙen naman nan da ake ɗurawa dogo-dogo. Bron ta duba kwamfuta, ta dubi ubanta, ta ce, "Kai kuma ka kawo ƙanƙara."

A garin nan idan aka ce ka kawo ƙanƙara, an gaya maka matsayinka ke nan. Aikin da ake ba ƙanen miji mashayi ne, ko saurayin da ba a sa ran zai kai baɗi. Nev ya ce to, ya shiga juya kofinsa a kan tebur.

Sai ga Fergus ya shigo da kwandon tace taliya a ka, ya tsaya a tsakiyar kicin.

"Ina jirgin?"

"Za mu shimfiɗa shuɗin bargo a ƙasa, ɗan albarka," in ji Bron. "Sai ku yi kamar kuna cikin jirgi."

"Wannan ai bargo ne." Ya juya wajen Nev. "Kaka, kai ba ka iya yin jirgi ba?"

"Ni? Kai, ƙaramin ɓarawo, ni da hannun nan na taɓa gyara kwalekwalen da ya je har tsibirin Rottnest."

"Ya dawo?"

"Mutanen ciki dai sun dawo."

Yaron ya hau tsalle yana ihun jirgi, jirgi, har kwandon ya faɗi. Bron ta rufe ido na ɗan lokaci. Da ta buɗe, ba ta kalli kowa ba sai ubanta.

"Baba, abu ɗaya nake roƙonka. Ko ƙusa ɗaya kada ta fito daga bakin titi. Iyayen 'yan ajinsu duk za su zo, maƙwabtana ne, da su zan zauna. Ka je kanti ka sayi katako kamar kowa. Idan ba za ka iya ba, ka faɗa yanzu, babu komai."

Nev ya ɗora hannu a ƙirji ya rantse da kabarin uwarsa. Ni da na san uwar tasa, wadda ta mutu ta bar fankon kwalaben jam na shafa wa burodi guda ɗari uku a ƙarƙashin gado, na san rantsuwar ba za ta yi nisa ba.

Gaskiya ya gwada. Washegari ya tafi kantin katako, ya yi awa biyu, ya dawo da kwalin ƙusa ɗaya da gwangwanin baƙin fenti, fuskarsa kamar wanda ya dawo daga jana'iza.

"Glen," ya ce mini, "ba katako suke sayarwa ba, biskit ne. Na danna da babban yatsa ya lotsa. A kan wannan zan ɗora jikana?"

"Ka yi alkawari."

"Na yi. Ga ƙusoshin nan, sababbi fil. Ƙusa ta ce."

Na ce masa kada ya raina mini hankali. Sai dai kash, satin nan ne aka buɗe fitar da tarkace, kuma a ina? A Baldivis. Duk mai bin bola a kudancin Perth ya san babu kaya irin na sababbin unguwanni. Mu nan sai abu ya mutu murus muke fitarwa, su kuwa da launin ya gundure su sun jefar. Nev ya daure ranar Litinin. Ranar Talata ya wanke mota, abin da bai yi ba tun bikin Bron. Ranar Laraba da hantsi na ji ƙarar ɗaura tirela.

"Ko a wace unguwa za ka yi," na ce, "ban da tasu."

"Ba zan bi ta layinta ba. Layi biyu zan bari tsakani. Kuma da na shafa baƙin fenti, ko wanda ya ƙera abin ba zai gane shi ba."

Sau huɗu ya yi sawu. Ƙofofin kabad, fuskar gado, sandar labule mai tsawon mutum biyu, keken motsa jiki wanda ko ledar sirdinsa ba a cire ba. A sawu na ƙarshe ya shigo kicin yana haki, ya ja ni waje ya nuna mini wani tebur na jarra, jan katakon nan namu mai nauyin tsiya, ƙafafunsa huɗu kowacce an sassaƙa mata abarba.

"Dubi nan, Glen. Wani mara hankali ya jefar da wannan. Jarra! A ciyawa!"

Na ga kamar na san teburin, amma a shekaruna komai kamar na san shi nake gani. Kuma kada in wanke kaina: babban ƙyallen da iska ke bugawa ni na ɗinka shi, da labulen da ya tsinto, a kan kekena, har da ƙoƙon kai da ƙasusuwa na yanka na liƙa. Na san daga inda labulen ya fito. Na sake cewa a raina, wa zai duba.

Kwana tara ya yi a rumfa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Yana fito, yana goge kowace kusurwa da takarda mai ƙaiƙayi, yana shafawa da bayan hannu ya ji ko akwai tsinin da zai soki yaro. Abincin rana ma sai na kai masa. Da ya gama ya kira ni in gani. Jirgi ne sosai. Yana da ɗan ɗaki a ciki da yara uku za su shige, da sitiyari mai juyawa da ya yi da ƙafar keken motsa jikin, da tsani, da tuta. A baya ya kafa ƙafafun teburin nan huɗu a jere suka zama shingen dafawa, baƙi wuluk, suna sheƙi.

Ranar Asabar muka isa da ƙarfe goma, ni da burodi a cinya, shi da jirgi a tirela da ƙanƙara leda shida, don bai manta da aikinsa na asali ba. Ya ɗaura jan ƙyalle a ka, ya rufe ido ɗaya da baƙin ƙyalle, wanda hakan ya sa ya hau kan ciyawar maƙwabci da taya. Maza huɗu suka kama aka shigar da jirgin bayan gida. Fergus ya fito ya gan shi, ya tsaya cak, sannan ya ruga ya rungume gwiwar Nev ya ƙi saki.

Bron ta zagaya jirgin sau ɗaya, hannu a naɗe.

"Sabon katako ne?"

"Ki shinshina. Fenti ma bai gama bushewa ba."

Ta ɗan taɓa hannunsa. "Ya yi kyau, Baba." Ya juya yana gyara tutar da ba ta karkace ba.

Awa guda komai ya tafi lafiya. Yara goma sha huɗu suka watsar da dokokin Bron cikin minti biyar. Babu takobi, sai suka yi faɗa da sosej. Oscar, wanda uwarsa ke tsoron a koya masa faɗa, shi ya fara jefo wani daga kan jirgi. Iyaye suka tsaya a inuwa da giya a hannu suna maganar farashin gidaje. Nev na tsaye a gindin tsani yana ɗaga yaro yana sauke yaro, bakinsa har kunne.

Sai wata 'yar yarinya mai suna Imogen, wadda ba ta daɗe da koyon karanta sunanta ba, ta leƙo daga cikin ɗan ɗakin jirgin.

"Mama! An rubuta ni a nan!"

Nev ya shafe wajen jirgin kaf, amma ciki fentin bai kai ba. Uwar ta durƙusa ta zura kai. A jikin allon ga layi-layi na fensir, kowanne da kwanan wata: Imogen shekara biyu, Imogen shekara uku, Imogen shekara huɗu. Ta fito tana dariya har da riƙe ciki.

"Brett, zo ka gani! Ƙofar kabad ɗinmu ce, wadda muka fitar sati biyu da suka wuce!"

Brett ya zo yana dariya shi ma, har ya ɗora hannu a kan sitiyarin. Matar ta dubi sitiyarin, ta dubi Brett, dariyar ta tsaya.

"Wannan ba ƙafar keken da na saya maka ba ce? Wanda ka ce ka kai ofis kana hawa da rana?"

"Irinsa dai ne."

"Da tabon da Imogen ta yi masa da jan farce?"

Daga nan bikin ya koma na manya. Akwatin dukiyar da Bron ta binne a yashi babu wanda ya waiwaye shi. Iyaye suka ajiye kwalabe suka kewaye jirgin, kowa na neman nasa. Wani ya gane fuskar gadonsa. Wata ta ɗaga ƙyallen da na ɗinka ta ce labulen ɗakin baƙinta ne, ga ma inda kyanwa ta yaga. Wani dogo ya ji haushi bai samu komai nasa ba, yana ta cewa ai ya fitar da tsani mai kyau. Ba da mugunta suke yi ba, har bubbuga kafaɗar Nev suke suna cewa, "Kai, tsoho, hannunka na da albarka." Amma ni Bron nake kallo. Tana tsaye da farantin burodi, tana murmushin da ya daskare, kuma na ga 'yar shekara tara a fuskarta ƙarara.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila an wanye lafiya. Sai Lorraine ta fito daga kicin ɗauke da kek mai siffar aku, kyandir biyar na ci. Ta bi ta bayan jirgin, ta rage tafiya, ta tsaya. Fenti yana ɓoye launi, amma abarba abarba ce.

"Lachlan," ta ce, muryarta a sanyaye. "Teburin da na ba ku na aure, wanda uwata ta ci abinci a kai shekara hamsin. Ka ce min yana ina?"

Lachlan ya dubi Bron. Bron ta dubi ƙasa.

"Yana wajen mai gyara, Mama. Ana masa..."

"Ana masa me?"

Nev, wanda Allah bai ba shi sanin lokacin yin shiru ba, ya matso don ya taimaka. "A'a, Lorraine, wannan ba naku ba ne. A can layi na uku na same shi, gaban wani gida mai koren ƙofa. An ma lulluɓe shi da tsohuwar katifa."

Wato 'yata, wadda ta yi shekara talatin tana ƙyamar mai ɗauka daga bakin titi, ita ce ta loda teburin surukarta a mota ta kai layi na uku ta cusa a tarkacen wasu, har da rufa masa katifa. Ba ta lissafa cewa mutum ɗaya ne a duk jihar nan da ke ɗaga katifar mutane ya ga abin da ke ƙasa ba, kuma shi ya haife ta.

Kyandir ya narke a kan akun. Lorraine ta ajiye kek ɗin a kan abin gasa nama, ta ɗauki jakarta, ta sumbaci Fergus a ka, ta fita. Aka rera waƙar zagayowar haihuwa kamar ana rakiyar gawa. Da baƙi suka watse, Bron ta sami ubanta yana kwashe ledojin ƙanƙara.

"Abu ɗaya na roƙe ka."

"Bron, katakon kantin nan..."

"Abu ɗaya, Baba. Tun ina shekara tara nake jira ka ji kunya sau ɗaya, ko don ni."

Ya cire ƙyallen idonsa ya sa a aljihu. A hanyar gida muka wuce tsibin kaya uku bai ko rage gudu ba. A nan na san abin ya taɓa shi.

Ranar Litinin Lachlan ya bugo mini waya a ɓoye daga wurin aiki. Bron ta sa an fitar da jirgin. Yana kan ciyawar bakin titi, motar kwasa kuma ranar Alhamis da safe za ta zo.

Na sami Nev a rumfa yana kwance injin yanke ciyawa na huɗu. Na gaya masa.

"To," ya ce.

"To me? Ka tashi ka ɗauko abinka."

"Wani zai ɗauka. Abu mai kyau ba ya kwana a bakin titi."

Talata na bugi Lachlan, jirgi na nan. Laraba da safe, yana nan. A unguwar da ake ɗauke fanka mara fiffike kafin ka koma cikin gida, jirgin Nev ya kwana biyu babu wanda ya taɓa. Maƙwabta sun san tarkacensu ne, masu bin bola kuma sun ga ba zai shiga mota ba. Nev ya ji ina wayar. Ya ce, "Ko Dragan bai ɗauka ba?" Dragan shi ne babban abokin hamayyarsa a harkar, mutumin da ya taɓa ɗaukar rabin kwalekwale. Na ce ko shi. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da juya sukurun da ya riga ya kwance. Zagin da Bron ta yi masa bai karya shi kamar wannan ba.

Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa nake fushi ba. Na ɗauki makullin a-kori-kura daga ƙusa. Ban taɓa tuƙi da tirela ba, ban iya baya da ita ba, don haka na tafi Baldivis ta hanyar da babu juyawa, na shiga layin Bron da ƙarfe sha ɗaya na rana, tirela na ƙara kamar ana jan gadon ƙarfe. Matar Brett na ba furanni ruwa. Mai labule na wanke mota. Na yi fakin rabi a titi rabi a ciyawa, na fito, na miƙe tsaye, kowa ya gan ni da kyau.

Fergus na zaune a cikin jirgin da kwandon taliya a ka. Lachlan ya ce min tun Litinin a nan yake karyawa.

"Kai, matuƙi," na ce, "jirgin nan na wani ne?"

"Nawa ne."

"Ya taɓa ciyawa. Kai ma ƙafarka ɗaya na kan ciyawa, ka yi hankali kada in haɗa da kai."

Ya janye ƙafar da sauri. Bron ta fito bakin ƙofa.

"Mama, me kike yi? Mutane na kallo."

"Bola nake bi. Ki kama min can."

"Shi ya aiko ki?"

"Bai san na fito ba. Yana can yana kwance injin da ya kwance jiya." Na kama gefen jirgin na ja, ko motsi bai yi ba. Na tsaya ina haki. "Bron, labulen nan ni na ɗinka, kuma na san inda aka samo shi. Keken nan ma na Narelle, ni na fara ganin sunan, tun kafin ki hau. Na yi shiru. Ubanki bai ma san da rubutun ba, shi fenti kawai ya shafa yana murna. In akwai wanda ya kamata ya ji kunya, ga ni, na zo, a tsakiyar titinku."

Ta daɗe tana kallona. Na zaci za ta yi ihu, kuma da ta yi da na ji daɗi. Sai ta juya ta shiga gida ta rufe ƙofa. Na ce shi ke nan, na ƙara wa kaina abokiyar gaba. Ina ƙoƙarin cusa kafaɗa a ƙarƙashin abarba sai ga ta ta dawo, da ƙatuwar hula da baƙin tabarau, kamar akwai wanda zai kasa gane ta a ƙofar gidanta. Ta kama ɗaya gefen. Brett ma ya tsallako ya sa hannu, ina jin don ya tabbata ƙafar keken ta bar unguwar.

Muka ɗaure shi da igiya. Fergus ya fara tattaro kuka, Bron ta ce, "Ran Lahadi za ka je ka hau, rufe min baki." Ba ni ta kalla ba da ta faɗa. Na shiga mota na tayar. Sai ta ƙwanƙwasa gilashi, na sauke.

"Kujerun teburin," ta ce a hankali. "Suna gareji, guda shida, na rufe su da bargo. Lorraine ta ce kada ta ƙara ganinsu a rayuwarta." Ta gyara tabarau. "Ki tambaye shi ko yana so."

Na iso gida na take bokitin shara da tirela. Nev ya fito daga rumfa yana goge hannu, ya ga jirgin, ya tsaya. Ya zagaya ya duba igiyar, ya ce ɗaurin banza na yi, Allah ne kawai ya kawo ni. Na bar shi ya gama. Sannan na gaya masa yaron zai zo ran Lahadi, na kuma isar da saƙon kujerun kalma da kalma.

"Ita ta ce a tambaye ni?"

"Ita ta ce."

Ya ɗora tafin hannu a kan abarba ɗaya, ya juya mini baya, ya daɗe a haka. Kafaɗunsa na motsi, ni kuma na shiga neman abin da ban ajiye ba a cikin jaka.

"Shida," ya ce daga ƙarshe. "Jarra ne fa, Glen." Ya share hanci da bayan hannu. "Ki ce mata kada ta fitar da su waje. Zan shiga har garejin in ɗauka."